Bayanka Shi ne Jarinka

Ɗan'uwa mai karatu, in ka san Yamai, to ka san kasuwar Katako. Tun daga bakin hanya kunnenka zai gaya maka ka iso. Guduma tana sauka kan ƙarfe, zarto yana cin katako. Nan ake yanka tsofaffin ganguna a yi akwati da murhu. Nan ake narka alminiyam a zuba tukwane. Katako babbar masana'anta ce, amma injinta jikin mutum ne.

Ni malamin karatun manya ne. Ɗalibaina da dama daga Katako suke zuwa da dare. Akwai wani mai zubin tukwane da ya fi kowa himma, sai dai ba ya iya daɗewa kan benci. Yakan tashi ya jingina da bango, allonsa a hannu. Ran nan na ce masa: "Ɗan'uwa, lafiya kuwa?" Ya ce: "Malam, baya ne. Gadon sana'a ne, haka tsohona ya ƙare." Ya zaro tramol daga aljihu, ya ce da ita yake wuni.

Bayan wata biyu ya daina zuwa. Na tarar da shi kwance a gida, zafin ya sauka har ƙafa. Yara huɗu, ba mai kawo cefane. Kamar yawancin ƴan Katako, ba shi da rajista a CNSS, asusun da ke tallafa wa ma'aikacin da ya ji rauni wurin aiki. Ranar da bai fita ba, tukunyarsa ba ta hawa wuta.

Abin ya tsaya mini a rai, sai na tambayi wani ma'aikacin lafiya. Ashe ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne a jere, kuma 5 da ke ƙugu su ke ɗauke da nauyin jiki. Tsakaninsu akwai guringuntsi mai taushi kamar gammo. In ka duƙa ƙafafu a miƙe ka ciccibi kaya, ko ka murɗa jiki da kaya a hannu, gammon nan yana matsuwa. Yau da gobe sai ya bulluƙo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Haka ma kafaɗa da wuyan hannu suke gajiya in an wuni ana bugu iri ɗaya.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji ɗaya ya ɗauki fiye da kilo 55. Daga baya masanan Amurka suka sa iyakar a kilo 23, shi ma in kayan na kusa da jiki. To, buhun siminti kilo 50 ne, kuma na sha ganin saurayi da buhu biyu a ka, ana yi masa kirari!

A manyan masana'antu akan daidaita tebur da tsawon ma'aikaci, a kuma riƙa canza masa aiki. Mu ma za mu iya, ba sai da kuɗi masu yawa ba. In za ka ɗaga kaya, matso kusa, ware ƙafafu, lanƙwasa gwiwa, ka tashi da ƙarfin cinya. In za ka juya, juya da ƙafa, ba da ƙugu ba. Kaya in ya yi nauyi, kira abokin aiki ko ka nemi baro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ka wuni a tsugune. Ɗaga aikinka ya zo daidai ƙugu. Ka riƙa miƙewa kana takawa lokaci lokaci.

Ƙwaya kuwa ba ta gyara baya. Zafi saƙo ne daga jiki, ita kuma rufe masa baki take yi, sannan ta kama mutum. In ƙafa ta yi sanyi ba ka jin ta, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kada ka jira gobe, tafi asibiti.

Ɗalibina ya dawo aji bayan watanni. Ya haɗa tebur da guntayen katako, a kai yake goge tukwane yanzu. Har yau bayan yana taɓa shi, amma yana zama har a tashi.

Kai fa, ɗan'uwa? Guduma in ta karye, akwai wata a Katako. Baya kuwa ba a sayar da shi ko a rumfa ɗaya. Gobe da safe, kafin ka kai hannu ga kaya, lanƙwasa gwiwa.