Zauren Sabar Gida

A Nasarawan Doya, kamar sauran garuruwan ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara, abu biyu ne ke yanke wa mai waya hukunci: kuɗin data da ƙarfin sabis. Shi ya sa sana'ar masu tura fina-finai da karatuttukan malamai ta kafu a kasuwannin Arewa. Mutum ɗaya ya sauko da abu sau ɗaya, mutum ɗari su kwafa. Sabar gida ci gaban wannan dabara ce: kwamfuta guda da ake bari a kunne a cikin gida, tana ajiye littattafai da bidiyo da hotuna, tana raba wa duk wayar da ta hau Wi-Fi ɗin gidan ba tare da an taɓa data ba.

Wani malamin makaranta a garin ya haɗa irinta da Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da aka fara sayarwa a Ingila a 2012, wadda ba ta fi tafin hannu ba, kuma ƙaramin batirin sola ya ishe ta. Ya ɗora mata Kiwix, manhajar da ke buɗe Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba. Ya ƙara Kolibri don darussan yara, da Jellyfin don bidiyo da tafsiri, da Nextcloud don hotunan biki da takardun gona. A idonsa aiki ya kammala.

Sai dai kowace manhaja tana zaune ne a bayan tata ƙofar, kuma ƙofofin lambobi ne. Mai son Jellyfin sai ya rubuta adireshi irin 192.168.1.10:8096, mai son Kolibri ya canza ƙarshen zuwa 8080. Malamin ya haddace su domin shi ya kafa su. Uwargida da yara da ƙanensa da ke shirin jarrabawa kuwa ba su da dalilin haddacewa. Duk ranar da ya tafi Zariya, ilimin da ya tara yakan zama rumbun da aka tafi da mabuɗinsa, yara su koma sayen data don abin da ke ajiye a ɗakin mahaifinsu.

Maganin wannan shi ne shafin farko: shafi ɗaya mai maɓallai, kowane maɓalli yana kaiwa ga manhaja ɗaya. Aikinsa aikin zaure ne a gidan Bahaushe. Baƙo ba ya bukatar sanin tsarin gida. Ya tsaya a zaure ya yi sallama, a nuna masa inda zai nufa.

Akwai irin waɗannan shafuka da dama na kyauta. Homer shi ne mafi sauƙin jiki: shafi ne tsayayye, kuma duk tsarinsa yana cikin fayil ɗaya na rubutu da ake kira YAML. Heimdall da Homarr ana shirya su ne ta cikin burauza, a danna nan a ƙara can, don haka sun fi daɗi ga wanda ba ya son rubuta tsari da hannu. Homepage da Dashy sun fi ado, suna iya nuna yanayin sama da nauyin da ke kan kwamfuta da ko wata manhaja ta tsaya. Yawancin masu yaba su suna zaune ne a Turai da Amurka, inda wuta da intanet ba sa cikin lissafi. A ƙasar Makarfi su ne farkon lissafi.

Ma'aunin farko da malamin ya ɗauka shi ne intanet. Wasu shafukan, idan ba a gyara su ba, daga intanet suke janyo 'yan hotunan maɓallansu, haka ma bayanin yanayin sama. Ranar da data ta ƙare sai shafin ya fito da guraben da babu komai, ga shi dama saboda irin wannan rana aka kafa sabar. Dole kowane hoto ya kasance a ajiye cikin kwamfutar kanta.

Na biyu shi ne wuta. Raspberry Pi tana aiki ne da katin memori, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya lalata shi. Shafin da tsarinsa ke cikin fayil ɗaya, ana iya kwafar fayil ɗin a filasha, a maido da shi cikin 'yan mintuna. Wanda ke ajiye tsarinsa a ma'ajiyar bayanai yana bukatar ƙarin sani kafin a farfaɗo da shi. Akwai kuma wani tarko: idan wuta ta dawo, na'urar Wi-Fi na iya ba sabar sabon adireshi, duk maɓallai su daina aiki. Sai an ɗaure mata adireshi ɗaya na dindindin tun farko.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne mai shiga. Zafin kwamfuta da yawan memorin da ya rage labari ne da ya dami mai saba kaɗai. Yarinya 'yar aji huɗu tambayarta ɗaya ce: "Baba, ina zan danna?" Sunan Jellyfin ba ya gaya mata komai, amma "Kallo da Sauraro" ya gaya mata. Don haka ya zaɓi Homer, ya rubuta maɓallai huɗu manya da Hausa: Karatu, Darussan Yara, Kallo da Sauraro, Hotunan Gida. Abubuwan da suka shafi gyara ya ware musu wani shafi daban. Takardun gona kuma ya bar su a bayan kalmar sirri ta Nextcloud, domin shafin farko nuni kawai yake yi, ba ya kulle ƙofa, kuma yaran maƙwabta ma suna hawa Wi-Fi ɗin.

Wannan ba ya nufin Homer ya fi sauran a ko'ina. Mai shagon kwamfuta a Makarfi da ke kula da manhajoji goma, kuma yake son ganin wadda ta tsaya tun kafin kwastoma ya yi ƙorafi, zai fi amfana da Homepage. Wanda rubutun YAML ke ba shi tsoro, Heimdall ya ishe shi. Jarrabawar dai ɗaya ce ga kowa: a kashe data, a kashe sabar a sake kunna ta, sannan a miƙa waya ga mutumin gidan da bai taɓa ganin shafin ba, a yi shiru. Idan ya kai inda yake so ba tare da ya ɗago kai ya yi tambaya ba, shafin ya yi.