Sintali: Ina Giwan Ruwa Ya Shiga?

Baƙon da ya sauka a unguwar Sintali, cikin garin Jalingo, ba zai daɗe ba sai ya lura cewa kifi ba baƙon abu ba ne a tukunyar mutanen wurin, ko da yake garin ba a bakin babban kogi yake ba. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya mai da Jalingo mazauninsa a 1893, kuma a 1991 ta zama hedkwatar Jihar Taraba. Kogunanta biyu, watau Lamurde da Mayo Gwoi, cika suke yi da damina, da rani kuwa sai rairayi ya fi ruwa yawa. Saboda haka kifin kirki daga Binuwai yake zuwa, musamman ta wajen Lau, wani ɗanye, wani banda.

Tarwaɗa da ƙarfasa ba su wuyar samu. Wanda ake jin jiki kafin a gani shi ne ƙasaitaccen giwan ruwa, kifin da kan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200 in ya sami shekaru. Shi mafarauci ne, yana laɓewa a gurbi mai zurfi ko gindin dutse, ya jira ƙaramin kifi ya gifta. Don haka masunta ba su yi masa tayin tana, sai su maƙala kifi mai rai a ƙugiya.

To, a arewacin Amurka da Kanada akwai wani kifi mai irin wannan hali, ana ce da shi maski. Wuyar kamunsa ta sa suke masa kirari da kifin jifa dubu goma. Koton da suke jefa masa na roba ne mai taushi, an yi shi da siffar kifi mai dogon wutsiya, wani ya fi ƙafa guda tsawo, nauyinsa ya kai laba ɗaya. Masunci zai jefa, ya bari ya nutse, sa'an nan ya riƙa fizga yana sassautawa, har robar ta yi kama da kifin da ya ji rauni. Yawanci lokacin da take nutsewa ne maski yake kai cafka. Giwan ruwa ma yana faɗa wa irin wannan yaudara.

Amma fa ba robar ce ta sa manyan maski suka wanzu ba. A Jihar Minesota, a 2015 aka kafa dokar cewa wanda bai kai inci 54 ba a mai da shi ruwa, kuma galibin masuntan can ko ya kai sukan sake shi. Su wasa suke yi, masuncin Lau kuwa abincin iyalinsa yake nema, ba wanda zai ce masa ya saki abin da ya kama. Duk da haka, taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi ɓarna ce tsantsa. Ga kuma madatsar Lagdo da Kamaru ta gama a 1982, wadda ta sauya lokacin cikar Binuwai da fadamun da kifi ke hayayyafa.

Mai son ganin manyan kifaye a Taraba yau, sai ya nufi Ibi lokacin bikin su na Nwonyo, ko kuwa kogin Kam a gandun dajin Gashaka Gumti, inda doka ta tsare ruwan.