Jingar Gyara a Kasuwar Mai Wurno

Daga Wad Madani a ƙasar Sudan motarmu ta miƙe kudu, gonakin Jazira a dama, kogin Nilu a hagu, har Sinnar, inda madatsar ruwan da aka kammala a 1925 take shayar da gonakin auduga. Gaba kaɗan muka shiga Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. A kasuwa kunnenka zai sha Fillanci da Hausa da Larabci.

Kwamfutata ta ƙi tashi, ga rahotannina duk a cikinta. Aka nuna mini rumfar wani saurayi, faifan sola a kan rufi, batirin mota a ƙarƙashin tebur, wayoyi jere suna caji. Na tambayi kuɗin gyara.

"Sai na buɗe tukuna, Malam."

Ya kwance kusoshin ya zuba su a murfin kwalba, ya kakkaɓe ƙura da tsohon buroshin haƙori, ya yi ta ɗora mita. Bakin caji ne ya saki. Nan take ya yanke kuɗin aikinsa daban, na kaya daban, domin tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 farashin kaya bai zauna wuri ɗaya ba.

Na ce masa a Turai da Amurka shaguna da dama da awa suke lissafi. Ya girgiza kai. "Ina tsakiyar aiki wuta ta ɗauke, batir ya yi sanyi, in zauna jiran rana. Wa zai biya wannan zaman? Kuma mai kaya bai san abin da ke ciki ba, zai ce da gangan nake jan ƙafa."

Wani dattijo da ke jiran wayarsa ya sa baki. A gonakin Jazira ya yi ƙuruciyarsa. "Ɗana, mu da jinga muka saba. Ku zagaya gona da mai ita, ku duba kaurin ciyawa, ku yi ciniki. Ka gama da hantsi ko da la'asar, ruwanka. Auduga kuwa a ma'auni ake biya. Mai kuɗin yini shi ake tsaya wa a ka."

Na gamsu da Baba. Wanda kuɗinsa ƙidayayye ne yana bukatar sanin abin da zai biya kafin a taɓa masa kaya, balle yanzu da waya ta zama asusun gida, ta manhajar Bankak 'yan'uwa ke turo na cefane. Lissafin awa ya shigo Sudan ta wata ƙofar: da layukan sadarwa suka katse a Fabrairun 2024, mutane sun riƙa sayen intanet na Starlink awa-awa. A nan lokaci shi ne hajar, kowa yana ganinsa a agogo.

Sai dai jinga tana cin mai gyara, kuma abin ya tsaya mini a rai. Saurayin ya nuna mini wata waya da ta faɗa magudanar ruwa. Wuni guda ya yi yana bin layukanta, ba ta farfaɗo ba, mai ita ya ce ba gyara ba biya. Wanda aka yi wa haka sau da yawa zai daina wahalar bincike, ya riƙa cewa a sauya allon ciki gaba ɗaya, talaka kuma ya biya ninki.

Muka wuce Sinja zuwa Damazin. Can na tarar da mai gyaran da ke karɓar ɗan kuɗin dubawa kafin ya kwance kusa ko ɗaya. In aka daidaita a kan jinga sai ya cire shi daga ciki, in ba a daidaita ba mai kaya ya tafi da sanin ciwon na'urarsa. Ya ce da fari mutane sun yi ta gunaguni, yanzu har daga ƙauyukan Rusairis ake kawo masa aiki.