Mun je cin albasa a Galmi, mun dawo da kunya

Yau ba labarin kasuwa muka kawo muku ba, labarin kanmu ne, kuma ba duka ne mai daɗin faɗa ba.

Shekara bakwai ke nan muna karanta farashin albasa a rediyo. Buhu ya hau, buhu ya sauka, kamyo kaza sun yi lodi a Tsarnawa. Mun iya wannan karatu kamar ruwa. Amma in za mu faɗi gaskiya, a cikinmu mu uku masu shirin babu wanda ya taɓa wuni a garka. Albasa a faranti muka san ta, sai kuma a takardar da wakilinmu ke aiko mana daga kasuwa.

Wata safiya muna tsakar shiri wani dattijo ya kira daga wani ƙauye na kusa da Galmi. Bai tambayi farashi ba, bai gaida kowa ba. Cewa ya yi: "Ku ɗiyana masu magana, yaushe za ku taho ku ci abin da kuke magana bisa shi?" Muka yi dariya, muka ce in sha Allahu. Bayan sati biyu ya sake kira. A karo na uku kunya ta kama mu, muka sa rana.

Mun bar Ƙonni bayan sallar asuba a farkon watan Maris, lokacin da ake tsakar cirar albasa. Muka wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ke rabuwa, muka wuce Malbaza da masana'antar simintinta. Tun kafin mu kai Galmi hanci ya riga ido sani. Buhuna jere a bakin gudron, 'yan dako na ta fama. Daga nan muka sauka hanyar ƙasa zuwa kwarin Magiya.

A cikin mota ne ɗayanmu ya tuno mana da lise. Mushenmu na labarin ƙasa ya taɓa sa mu haddace yankunan inabi na Faransa, su Bordo da Champagne. Ya ce can iyali guda kan riƙe gona kaka da kakanni, baƙi su zo daga nesa, a zagaya da su, su ɗanɗana abin da gidan ke yi, su ci abinci a teburin mai gida, su saya su tafi. Mu 'ya'yan Musulmi ne, giya ba tamu ba ce, don haka muka haddace don jarrabawa muka watsar. Abin da ya wuce mu shi ne kalmar da yake ta maimaitawa, terroir: wato ƙasa da ruwa da iska da hannun mutanen wuri su ne ke ba abu ɗanɗanon da babu shi a wani wuri. Tun 1935 Faransa ta yi dokar kare irin waɗannan sunaye. Wanda bai yi abinsa a yankin Champagne ba, ba shi da ikon liƙa masa wannan suna. Muna da irin wannan a ƙofar gida, ba mu taɓa haɗa biyun ba.

Baba ya tare mu a bakin garka, wando a naɗe, ƙafa duk laka. Garkar ta gida ce gaba ɗaya. Babban ɗansa ke kula da injin ban ruwa da rijiyoyi. Na biyu yana Kumasi, shi ke karɓar kaya can. Autan, saurayi ne da bai kai ashirin ba, shi ke bin Baba fangali-fangali. Inna da surukanta suna gefe a inuwa suna yanke lawashi. Jikoki na tsince ƙananan da suka faɗi.

Ya zagaya da mu yana bayani. Ana zuba iri bayan damina, wajen watan Oktoba. In ya yi kwana arba'in ko ɗan fiye, a cire a dasa a fangali. Daga nan sai ban ruwa da cirar ciyawa har wata uku zuwa huɗu. In ganye ya fara kwanciya, a tsai da ruwa, a bar ta ta sha iska kafin a cire. Ya ce mai gaggawa da ya cire ta da ruwa a jiki, shi da kansa ya kira ruɓa.

Can ƙarshen garka akwai wani yanki da aka kewaye da kara, albasar ciki ta yi dogayen sanduna da fararen furanni, ƙudan zuma na ta shawagi. Nan ne irin gidan. Abin da ba mu sani ba, irin albasa aikin shekara biyu ne. Bana ka zaɓi kawunan da suka fi kyau, ka hana kanka sayar da su ko da kuɗi sun yi kira, ka ajiye su su ƙetare zafi da damina. Baɗi ka sake dasa su, su yi fure, ka sami iri. Kuma tunda ƙwari ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, in maƙwabcinka ya bar wata albasa daban ta yi fure kusa da kai, irinka ya gauraya ke nan. Baba ya ce nasa daga hannun mahaifinsa ya karɓe shi.

Da rana ta ɗaga aka shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro. Muna jiran abinci, sai ga auta da faranti uku, kowane da albasa an yanka, ga gishiri, ga ƙuli-ƙuli, ga moɗar ruwa.

"Ku hwara da wagga," in ji Baba.

Ta farko fara ce. Galmi na da farar albasa ita ma, ko da yake ba ta yi suna kamar jar ba. Muka ci, muka kurkure baki.

Ta biyu ita ce ta gidan. Ɓawonta ja ne mai duhu da ya karkata zuwa shuɗi, kanta a ɗan baje, wuyanta siriri a bushe. In ka matsa ta da yatsa kamar dutse. Muna tauna ta yaji ya hau mana hanci, mai ɗaukar mana sauti har da hawaye, yara na ta dariya. Bayan yajin sai wani zaƙi-zaƙi ya biyo baya. Inna ta ce daga inda take, wannan guda ɗaya ta ishi tukunya, kuma in ta dahu narkewa take ta ɗaure miya.

Ta uku ta fi duka girma, ta fi kyan gani daga nesa. Amma launinta ya koɗe, wuyanta kauri, ciki ruwa-ruwa. Ka tauna, ka haɗiye, shi ke nan, ba abin da ya rage a baki.

"Wacce ta hi?" Muka ce ta biyu, ba gardama.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani gwangwani da ya fara tsatsa. An rubuta Violet de Galmi a jiki, da hoton albasa mai sheƙi.

"Ta ukun daga nan ta hito. Kun san inda na ji labarinshi? Bakinku. Ku kunka ce iri na gaskiya ya iso Ƙonni, mai saurin yi, mai auki."

Wuri ya yi tsit. Mun tuna sanarwar sarai. Wani mai shago ya kawo ta a rubuce, ya biya, muka karanta ta safe da yamma har sati uku, da muryar nan tamu da kuka yarda da ita. Ba mu tambaye shi daga ina irin ya fito ba. Ba mu ma san akwai abin tambaya ba.

A shekarar irin gidan bai isa ba, shi ya sa babban ɗan ya sayi gwangwanin ya cike rabin garka. Ta yi kyau a ido, ta cika buhu. Suka zuba ta a rudu, wato rumbun kara mai ɗagaggen ƙasa da iska ke ratsawa, suna jiran farashi ya tashi. Albasa mai kaurin wuya ba ta rufe bakinta da kyau, ruwa da cuta na samun hanya. Kafin damina ta yi nisa wari ya fara fita. Ta gidan da ke ɗaya rudun ta kai lokacin tsada lafiya lau. Kuɗin da aka yi niyyar auren auta da su, a juji aka zubar. Bana Baba ya shuka ragowar gwangwanin a fangali biyu kawai, ya ce don ranar da za mu zo.

Muka ce: "Baba, a gafarce mu." Ya ce: "Ni ban kira ku don hwaɗa ba. So nike bakinku shi san abin da shike hwaɗi."

Ba yau aka fara kokawa a kan sunan nan ba. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi hukumar OAPI, mai mazauni a Yawunde, ta ba shi haƙƙin mallakar irin da ake kira Violet de Galmi. Manoman Nijar da hukumomi suka tashi tsaye, bai samu sunan ba. A 2013 hukumar ta fara rajistar kayan da ke ɗauke da sunan yankinsu, irin su masoron Penja na Kamaru. A 2023 aka miƙa wa Nijar takardun albasar Galmi da kilishi. Wannan labari mun karanta shi a labaran rana, minti ɗaya, muka wuce zuwa wasanni. Da muka tambayi Baba ko ya ji, ya ce ya ji an ce an ba albasa takarda a Yamai, amma ba wanda ya zo ya gaya masa abin da takardar za ta hana ko za ta ba shi. Takarda tana Yamai, iri yana cikin tulu a ɗakin Baba. In babu mai kai maganar wannan ga wancan, mai gwangwani ne ke cin riba. Kuma aikin kai magana, ai namu ne.

Bayan azahar abinci ya fito. Dambu da zogale, an barbaɗa ƙuli, an yanka albasar gidan a kai da ɗan mai. Sai tuwon gero da miyar kuka, da zabi biyu da aka yanka dominmu. Miyar na da wani ƙamshi da muka sani tun muna yara amma ba mu taɓa tambayar tushensa ba. Inna ta ce gabu ne: lawashin da muka gan su suna yankewa, shi ake dakawa a shanya a ajiye. Kuɗin gabu nata ne da surukanta, ba ruwan maza. Da shi take sayen sabulu da littattafan lakwal na jikoki.

Ita ce ma ta buɗe mana sauran lissafin da ba ya shiga takardar wakilinmu. Yawancin masu garka da bashi suke fara aiki: man inji, taki, kuɗin 'yan dashe. Ranar cira mai bashi na tsaye, dole a sayar lokacin da kowa ke sayarwa, lokacin da albasa ta fi arha. Wanda ya iya riƙe ta wata huɗu ko biyar yakan sayar ninki biyu ko fiye. Ga kuma buhu mai hula, wanda ake cikawa har ya yi tozo a ɗinke da wani ƙyalle a sama, a biya kuɗin buhu ɗaya. Ta tuna mana da 2023, bayan watan Yuli, da aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, kaya suka rasa hanya, ɗanta na Kumasi na kira ba abin aika masa. Mu a lokacin cewa kawai muke "farashi ya sauka". Ba mu san kalma uku na iya ɗauke da wannan nauyi ba.

Da aka kawo fura da nono muka ja auta gefe. Ya ce abokansa duk sun tafi, wasu Aljeriya, wasu kabu-kabu a Ƙonni. Shi ma yana tunani. Muka tambaye shi ko ya iya zaɓen kawunan iri. Ya yi murmushi, ya ɗauko guda biyu da mu a idonmu ɗaya suke, ya ce wannan ta iri ce, wannan ta miya. Shi kaɗai ne cikin 'ya'yan ya iya. In ya hau mota, abin da kakansa ya bari ya tafi da shi, kuma ba OAPI da za ta dawo da shi.

Da za mu tafi muka ciro kuɗin abinci, Baba ya ɓata rai, ya ce baƙo ba ya sayen tuwo a gidansa. Amma da muka ce za mu sayi albasa ya yarda, a farashin da ya faɗa da bakinsa, a buhu marar hula.

Ga abin da muka yanke a hanyar dawowa. Ba za mu ƙara karanta sanarwar iri ba sai mai ita ya nuna mana inda ya samo shi, mun kuma tambayi ma'aikatan gona da ƙungiyar manoman albasa. In hakan ya rage mana kuɗin talla, ya rage. Sau ɗaya a wata za mu fitar da shirin daga ɗaki mu kai shi garka, daga Dogarawa har Illela, mai gida ya yi magana da bakinsa. Muna kuma roƙon malaman lakwal da lise su kai yara irin wannan ziyara lokacin cira, su ɗanɗana faranti uku kamar yadda muka yi. Ku ma da ke wucewa ta Galmi kuna sayen buhu ta tagar mota, wata rana ku sauka, ku yi sallama a bakin garka, ku tambayi mai ita daga ina irinsa.

Gwangwanin yana nan bisa teburinmu kusa da makirfo, Baba ne ya ce mu tafi da shi. Ga duk wanda ya sayi irin nan saboda ya ji daga bakinmu, muna neman gafara. Allah ya sa albarka a noman rani, ya kiyaye rudu daga ruɓa, ya ba Baba da Inna tsawon rai. Sai mun haɗu a shiri na gaba.