Gogen kawu da hanyar Mubi

A da, a Mokolo ta Kamaru, muna da namu makaɗan masu ƙetara iyaka, sai dai ba fasfo, ba jirgin sama. Su huɗu ne: kawuna mai goge, 'yan ƙwarya biyu, da sanƙira mai baki kamar reza. Ni ne ɗan ɗaukar jaka, shekaruna ba su kai goma sha biyu ba.

Ranar Laraba, kasuwar Mokolo. Alhamis a hau dutse zuwa Tourou, inda mata ke kifa jajayen ƙwarya a ka. In kaka ta yi, bukukuwa suka kankama, sai mu bi motar kaya zuwa Mubi ta Najeriya. Can ake samun liƙi na gaske, ga naira tana da daraja lokacin. A shingen jandarma kawu kan ja waƙa ɗaya, a yi dariya, a ɗaga mana sanda.

Aikina na asuba shi ne gasa gogen. Sanyin Mokolo ba wasa ba ne, fatar guzar da aka rufe ƙwaryar da ita takan saki cikin dare, dole a kanga ta kusa da garwashi har ta ɗaure. Kawu ya shafa ƙaro a tsagiya, ya ja sau biyu, ya karkata kunne. "Yaro, ƙara mata wuta, har yanzu barci take." In ta yi, ba ya yabo, hula kawai yake gyarawa.

Gwarzonsa Ɗan Maraya Jos ne. Yakan ce dubi mutum, kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya kai shi Turai da Amurka, mu kuwa Garwa ce ƙarshen duniyarmu. Ba hassada yake ba, lissafi yake.

Sai da na girma na san cewa Turawa ma suna da irin wannan tafiya ta mutum huɗu, amma duka masu goge: ƙanana biyu, matsakaici, da babban da ake jinginawa a ƙirji a zaune. A ƙasar Polan akwai ƙungiyar Silesiya da aka kafa a Katowice a 1978, ta zaga ƙasashe, ta cika faifai. A ganina ba su fi kawu kunne ba. Sun fi shi makaranta da takardar kiɗa, da kamfanin da ke adana sauti.

Masu yawon buɗe ido da ke wucewa Rhumsiki sun sha ɗaukar kiɗansa a rikoda, ba mu taɓa jin ko kaset ɗaya ba. Daga 2013, da rikicin Boko Haram ya iso yankin, su ma suka ɗauke ƙafa, hanyar Mubi ta zama ta fargaba.

Don Allah, duk mai tsohon kaset na gogen Mokolo ko Mubi a ƙasan akwati, ya fito da shi a juye a waya tun bai lalace ba.