Garin neman gira kada a rasa ido: yadda aka gyara wata tsohuwar gitar a Damagaram

A ƙasar nan, idan kaya ya tsufa, abu biyu aka saba yi masa. Ko dai a jefa shi bayan ɗaki gara ta ƙarasa shi, ko kuwa a kai wa mai fenti ya shafe shi kaf, har mai shi ma ya kasa gane abinsa. Masu gyaran da ke tsayawa su tambayi kansu abin da ya kamata a taɓa da wanda ya kamata a bari ba su da yawa. Ɗaya daga cikinsu wani ma'aikacin gidan waya ne a Damagaram, wanda ya yi wata takwas yana gyaran gitar lantarki ta wansa marigayi, da maraice bayan an tashi aiki, da kuma ranakun Asabar da Lahadi.

Marigayin ya yi kiɗa cikin wata ƙungiyar makaɗa zamanin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce. A 1983 ya sayi gitar ɗin a hannun wani Bafaranshe malamin lise da zai koma gida. Dangi ba su yi murna ba, domin a ganinsu kiɗa sana'ar maroƙa ce, ba ta ɗan gidan malamai ba. Saboda haka da Allah ya yi masa rasuwa, ba a ko sa ta cikin rabon gado ba, don ba wanda ya ɗauke ta dukiya. Ta yi shekara fiye da 20 a ɗakin ajiya, tsakanin buhunan hatsi da tsofaffin tabarmi.

Lokacin da ƙanen ya fito da ita, tsirkiya ɗaya kaɗai ta rage cikin shida, ita ma ta yi tsatsa. Wuyan ya lanƙwashe. Hunturu ya busar da itacen ya tsuke, har bakunan ƴan ƙarafan da ke jere a wuyan suka fito waje suna yankan yatsa. Kunnuwa biyu na ɗaure tsirkiya sun karye. Fenti ya goge a inda damtsen mai kiɗa ke kwantawa, bayanta kuma duk ƙarcen bakin bel ne.

Abin da ya fara yi shi ne neman sanin asalinta, kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya. A kanta an rubuta Fender Stratocaster, irin gitar da ta fara fitowa a 1954 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka. Wanda ya ƙirƙiro ta, Leo Fender, mai gyaran rediyo ne tun asali, bai ma iya kaɗa gitar ba. Shi ya sa ya ƙera ta da tunanin mai gyara: wuyan da ƙusoshi aka ɗaure shi ba da gam ba, kayan wutarta kuwa kusan duk suna manne a faranti guda da ake ɗagawa a duba. A 1965 kamfanin CBS ya saye masana'antar a kan dalar Amurka miliyan 13, kuma daga wajen 1971 aka mayar da ƙusoshin wuyan uku maimakon huɗu. Ta marigayin uku gare ta. Lambarta ta fara da S8, alamar ƙarshen shekarun 1970. A bayan maɓallin ƙara sauti kuma an buga 1377812, wato kamfanin CTS mai lamba 137 ne ya yi shi a mako na 12 na shekarar 1978. Nan ya tabbata ba kwaikwayo ba ce.

Da labari ya fita, masu shawara biyu suka zo. Na farko mai fentin motoci ne, ya ce a ba shi kwana uku ya kankare ta, ya fesa mata ja, ta koma amarya. Na biyu wani Alhaji ne mai fatauci tsakanin Kano da Lome, ya taya jika 200 nan take. Ya ce, "Malam, ai ba kiɗa za a sake yi da ita ba. Rarraba ta za a yi, wuya daban, jiki daban, akwai masu nema a Turai." Ma'aikacin ya amsa masa da cewa, "Alhaji, ba tawa ba ce balle in sallama. Kayan ƴaƴan yayana ne, amana ce a hannuna."

Amanar nan ita ta zama ma'auninsa a dukan aikin. Masu cinikin tsofaffin gitar a duniya sun daɗe da sanin cewa sabon fenti yana karya daraja, sau da yawa har da rabi, domin mai saye abin da ya fito daga masana'anta yake nema. Ke nan da ya bi ta mai fenti, da ya rage wa magada dukiyarsu da hannunsa, ya kuma shafe gurbin damtsen ubansu. Sai ya kafa wa kansa doka guda: duk abin da ke hana gitar yin magana za a gyara, duk abin da ke nuna shekarunta za a bar shi yadda yake.

Ya fara da wuya. A cikin itacen akwai sandar ƙarfe ɓoyayya wadda ake murɗawa don ta miƙar da shi. Mai gaggawa yakan murɗa da ƙarfi, sandar ta karye a ciki, gitar ta mutu ke nan. Shi kuwa ya ɗiga mata mai, yana murɗa rubu'in zagaye ko ƙasa da haka, ya bar itacen ya kwana, washegari ya ɗora dogon ma'auni ya duba. Mako uku ya ɗauka kafin wuyan ya miƙe. Bakunan ƙarafa 21 da suka fito ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar zarto mai laushi, bayan ya liƙa takarda a gefe don kada ya ji wa itacen ciwo. Jikin kuwa tsumma mai ɗan damshi kawai ya gani.

Inda aikin ya fi ƙarfinsa shi ne wajen mikro, wato ƴan akwatunan nan uku da ke ƙarƙashin tsirkiya. Kowane ɗaya maganaɗisu shida ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai sirantar gashin kai, zagaye wajen 8,000. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansu sai ta haifar da ɗan kuran, ampli ya ƙara masa ƙarfi ya zama sauti. Na tsakiya ya yi shiru. Ya kai wa wani tsohon mai gyaran rediyo a kasuwa, wanda ya auna biyun masu rai ya sami om kusan 6,000 kowanne, na ukun kuwa allura ba ta motsa ba. Hanya mai sauƙi ita ce a yanke tsohuwar waya a naɗa sabuwa. Tsohon ya ƙi. Ya sa gilashi mai ƙara girma, ya bi a hankali har ya gano inda ta tsinke, daf da bakin da take haɗuwa da babbar waya. Ya warware zagaye ɗaya, ya liƙa da ɗigon dalma, allura ta tashi. Shi ne kuma ya mayar da wayar da ke kashe gunjin kuran, ya yi masa gargaɗi cewa ampli ɗin da aka yi domin Amurka volt 120 yake sha, namu kuwa 220 ne, wanda ya jona ba tare da taransifoma ba hayaƙi zai gani.

Kunnuwa biyun da suka karye ba su gyaruwa, dole ya sayi sababbi daga Yamai, masu shiga tsofaffin ramukan ba tare da an huda sabo ba. Bayan ya ɗaura tsirkiya sai daidaita murya. Tsawon tsirkiya daga wuya zuwa gada milimita 648 ne, ƙarfe na 12 yana tsakiya daidai, don haka sautin da ke fita a nan dole ya zama ninkin na buɗaɗɗiyar tsirkiya. Ya yi ta matsa ƙafafun gadar gaba da baya har shida duka suka amsa.

Wani zai ce wannan wahala duk a kan me, tunda ba gitar wani shahararre ba ce? Gaskiya ne, ba za ta yi kuɗin baƙar Stratocaster ta David Gilmour ba, wadda aka yi gwanjonta a New York a 2019 a kan dala miliyan 3 da dubu 975. Waccan ma an sha canza mata wuya da mikro, hannun da ya riƙe ta aka saya. To amma Nijar ƙasar gitar ce. Bombino na Agadas ya shiga takarar kyautar Grammy a 2019, Mdou Moctar ɗan jihar Tawa kuwa da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, saboda rashin abin saye. A ƙasar da yara ke ƙera gitar da wayar keke, rarraba lafiyayya a tura Turai gunduwa-gunduwa hasara ce da jika 200 ba ta biya.

Shi ma'aikacin bai iya kiɗa ba. Wani saurayi mai kiɗan biki aka kira ya gwada ta a gaban ƴaƴan marigayin uku. Babbar ta saurara har aka gama, sannan ta ce, "Baba, ashe haka muryarta take." Tana da shekara shida lokacin da aka daina kaɗa ta a gidan.

Ya damƙa musu ita tare da ƴar jaka mai ɗauke da karyayyun kunnuwan da tsirkiyar nan mai tsatsa, da takarda guda inda ya rubuta duk abin da aka taɓa, da ranar da aka taɓa shi, da abin da Alhaji ya taya. Ko su sayar ko su ajiye, shawara tasu ce, kuma yanzu sun san abin da ke hannunsu. Sun yanke cewa za ta zauna wurin ƙaraminsu, an kuma gaya masa ya riƙa ajiye ta cikin akwatinta, nesa da rana da iskar hunturu.