Dutsen Arlit a Bakin Kogin Ron

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Liyon zuwa kudancin Faransa gaɓar kogin Ron yake bi. Ni da ɗan ƙanwata, wanda ke karatun injiniya a can, muka hau shi da sassafe. Gab da Montélimar ya taɓa kafaɗata ya ce, "Kawu, duba ƙetare." Hasumiyoyi huɗu ne na siminti, farin abu na tashi daga bakinsu, a jikin ɗaya an zana ƙaton hoton wani yaro. Tashar lantarki ta nukiliya ta Cruas ke nan. Ya ce abin da nake gani ba hayaƙi ba ne, tururin ruwa ne, domin babu abin da ake ƙonawa a wurin.

Mu tashar nukiliya ta Tricastin muka nufa, kusa da garin Pierrelatte, kuma ina da dalilina. A Tawa na tashi ina ganin manyan motoci na gangarowa daga Arlit ɗauke da gangunan ƙarfe a rufe, ana cewa garin yuraniyom ne za a kai Kwatano. Tun 1971 ake haƙo shi. Daga Kwatano jirgin ruwa ne ke kai shi Faransa, a fara tace shi a Malvési kusa da Narbonne, sannan ya iso nan. Haka aka yi shekara da shekaru, har rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya datse hanyar.

Ashe abin da motocinmu ke ɗauka ɗanye ne. Cikin ƙwayoyin zarra dubu na yuraniyom, bakwai ne kacal irin da ke tsagewa cikin sauƙi, wanda ake kira 235. A wata masana'anta da ke maƙwabtaka da tashar ake mai da shi iska, a yi ta jujjuya shi cikin injuna har irin nan ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari.

A zauren baƙi wata ma'aikaciya ta ɗora mini samfurin abin da ake samu a ƙarshe a tafin hannu: ɗan baƙin dunƙule, bai kai kan ɗan yatsa ba. Na gasken giram bakwai ne ko kusa da haka. Na daɗe ina juya shi. Irinsa ake jerawa cikin siraran bututai masu tsawon kusan mita huɗu, a haɗa bututai 264 su zama dami guda, a saukar da dami 157 cikin wata tukunyar ƙarfe cike da ruwa.

Abin da ke faruwa a cikin tukunyar shi ne: wata 'yar ƙwaya mai suna niyutiron ta bugi zarrar 235, ita kuwa ta rabe biyu, ta saki zafi tare da wasu niyutiron biyu ko uku, su ma su je su bugi na gaba. Gwanintar masu aikin ita ce a bar ɗaya tak ta ci gaba da bugun, ba ƙari ba ragi. Ragowar, sinadarin boron da aka narka a ruwan da wasu sanduna da ake zurawa daga sama ne ke shanye su. Idan aka saki sandunan gaba ɗaya, tsagewar ta tsaya nan take.

Daga nan sauran aikin na ruwa ne, kuma nan ne hankalina ya fi tsayawa. Ruwan tukunyar yana haura digiri 300 amma ba ya tafasa, saboda an danne shi da matsi ninki 155 na iskar da muke shaƙa. Shi ba ya fita ko'ina. Ta jikin dubban bututai yake miƙa zafinsa ga ruwa na biyu, wanda ke zama tururi ya tunkuɗa farfela, farfela ta juya janareta sau 1,500 a minti. Sai ruwa na uku, na kogi, ya sanyaya tururin ya koma ruwa, a sake zagayowa. Tukwane huɗu ne a Tricastin, sun fara aiki a 1980 da 1981, kowace na ba da megawat 915. Amma kashi ɗaya cikin uku na zafin ne kawai ke zama lantarki. Sauran kuwa, ruwa ke tafiya da shi.

Da muka fito muka tsaya bakin magudanar Donzère-Mondragon, wadda aka yanko daga kogin. Faɗinta kamar wani kogin ne na daban. Kowace tukunya na jan kimanin kubik mita 40 a daƙiƙa guda, ta mayar da shi da ɗumi. Shi ya sa idan zafin rani ya tsananta, tashoshin kogin Ron kan rage aiki don kada kifi ya halaka. Ko an kashe tukunya ma ba a huta ba, don tarkacen da ke cikin bututan na ci gaba da fitar da zafi. Rashin wutar da za ta tura ruwan sanyaya ne ya narkar da tukwanen Fukushima a 2011.

Na ce wa yaron, "Ka ji a gida ana zancen mu ma mu gina tamu?"

Ya ce, "Na ji, Kawu. Dutsen dai muna da shi."

Ina son ganin ranar, domin akwai ciwo a ce ƙasar da ta shafe shekara hamsin tana fitar da yuraniyom ta daɗe tana dogaro da wayar Najeriya wajen yawancin wutarta. Sai dai Arlit hamada ce, babban koginmu kuma guda ne, shi ma a watan Yunin 1985 ya daina gudu a Yamai. Duk wanda ya zo mana da alkawarin tasha, zan so in fara jin inda zai samo ruwan watan Mayu da Yuni.